Kwana Arba'in Ba Siminti

Na san abin da wasunku suke faɗa a kan shekarar da ban dawo gida noma ba. An ce Madina ta yi mini daɗi, na ci shinkafar Larabawa na manta da gonar ubana. An kuma ce na fifita Nasiru a kan sauran 'ya'yana don shi ne mai karatu. Ban yi fushi ba, domin da ni ne a Bakori nake jin labarin wani, wataƙila abin da zan ce ke nan. Amma tunda har yanzu ina iya riƙe biro, gara ku ji yadda aka yi daga bakina, ku da 'ya'yanku.

Ni magini ne, kun sani. Tun ina ɗaukar kwanon sarki a ka har na zama mai riƙe cokalin gini, ban taɓa yin wata sana'a da rani ba. Da ruwa ya ɗauke sai in ɗaura jakata in bi aiki duk inda yake, Kaduna ko Zariya ko Abuja, da hadari ya fara haɗuwa kuma in dawo gona. Haka na yi ta raba shekarata biyu tun kafin a haifi babbanku Lawal. Da Nasiru ya gama karatu a Madina aka riƙe shi koyarwa, ya yi aure a can har da 'ya'ya, sai rabon shekarar ya sauya fuska: rani a Madina da bizar ziyara, damina a Bakori. Ni da mahaifiyarku mun yi shekara uku muna wannan zirga-zirgar. Kuma ko a shekarun ban ajiye cokali ba, don kafin mu tashi sai na kama ɗan aikin wata ɗaya ko biyu a gari. A shekara ta huɗu aka yi wa mahaifiyarku aiki a gwiwa a can, likita ya ce ta rage doguwar tafiya, kuma yana son ganinta a kai a kai. Nan ne Nasiru ya tashi neman mana iƙama, wato katin shaidar zama a ƙasar. Mai wannan katin yana iya zama, yana kuma iya karɓar izinin fita ya yi 'yan watanninsa a gida ya dawo, ba tare da an sake neman biza daga farko ba. Nasiru ya sha yawo da takardu kafin a amince. Ranar da amincewar ta fito ya shigo gidan da yake haya a unguwar Harra ta Yamma yana dariya tun daga matakala, ya ce saura abu ɗaya, a ɗauki zanen yatsunmu, abin da mutanen can suke kira basma.

Muka tafi ofishin da hantsi. Mahaifiyarku aka fara kira ɓangaren mata, kafin in gama gyara zama ta fito tana goge hannu da gefen mayafi, an gama da ita. Ni kuwa na sami wani ma'aikaci matashi mai gajeren gemu, ya nuna mini wani gilashi mai koren haske ya ce in ɗora yatsu huɗu. Na ɗora. Ya dubi allonsa, ya ce in danna. Na danna har teburin ya yi ƙara. Ya goge gilashin, ya ba ni wani ruwa na shafa, muka sake. Ya ce in hura wa yatsun iska, na hura. Ya ce in goga su a goshi, na goga. A ƙarshe ya kama hannuna ya juya shi yana dubawa, ya kira abokin aikinsa shi ma ya duba, suka yi magana da Larabci.

"Me suke cewa?" na tambayi Nasiru.

"Baba, cewa suke yatsunka ba su da zane. Sun shafe, kamar bayan cokali."

"To ai a filin jirgi ana ɗauka."

"A can da ƙyar suke samun ɗaya ko biyu su haƙura. Nan sun fi son su samu sosai."

Ma'aikacin ya tambayi sana'ata. Da aka gaya masa ya gyaɗa kai, ya ce ya sha ganin haka wurin masu aikin siminti. Ya yi mana bayani cikin ladabi: in je in huta da aiki kwana arba'in, kada in taɓa siminti ko sabulu mai ƙarfi ko wani abu mai kaushi, in riƙa shafa mai, wataƙila zanen ya farfaɗo. Idan bai farfaɗo ba sai an bi ta wurin likitoci, wannan kuwa hanya ce mai tsawo. Sannan ya ƙara da abin da ya tsaya mini a rai, cewa idan na fita ƙasar kafin a kammala, amincewar ta faɗi, sai dai a sake daga tushe. A mota na lissafa da yatsun nan nawa marasa zane, na ga kwana arba'in za su kai ni tsakiyar lokacin shuka.

Matar Nasiru, Safiya, haifaffiyar Madina ce, kakanninta mutanen Damagaram ne. Hausarta rabi da rabi ce, tana fara magana da harshenmu ta ƙare da na Larabawa. Ita ta karɓi jinyar hannuna kamar an naɗa ta. Ta je wurin mahaifiyarta ta samo man kaɗanya na gaske, ta haɗa da man zaitun, ta sayo safar hannu farare guda uku.

"Baba, daga yau halas, wato shi ke nan," in ji ta. "Ba ɗaukar kaya, ba gyaran famfo, ba komai. Alwala kawai za ka cire safa."

Kada ku ɗauka abu ne mai sauƙi. Mutumin da ya shekara fiye da hamsin yana tashi da aiki a hannu, a ce ya zauna a falo da farar safa kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Gidan nan kuwa cike yake da abubuwan da ke kirana. Ƙofar banɗaki tana goga ƙasa. Tayil ɗaya a kicin ya ɗago. Duk sanda na miƙe sai in ji muryar mahaifiyarku daga kan kujerarta, ƙafa a miƙe kan matashi.

"Alhaji, ina zuwa?"

"Ruwa zan sha."

"Ruwan yana cikin akwatin kayan aikin Nasiru ne?"

Sai in dawo in zauna. Jikokina mata biyu suka mai da abin wasa, ina yi musu Hausa suna amsa mini da Larabci, kowace safiya su cire safar su duba yatsun da gilashin ƙara girma da suka samo a makaranta, su ba da rahoto kamar likitoci. Sati na farko ba komai. Sati na biyu ƙaramar ta rantse ta ga layi ɗaya a ɗan yatsan hagu, aka yi ta murna har Safiya ta dafa kaza. Da la'asar Nasiru yakan kai mu Masallacin Annabi, in tura mahaifiyarku a keken marasa lafiya, ita kuma ta hana ni riƙe hannun keken sai da safa. Mutane suna ganina suna matsawa, wasu su yi mini addu'ar samun sauƙi, sun ɗauka ƙonewa na yi. Na daina bayani, ina amsawa da amin.

A cikin sati na uku na yi abin kunya, kuma zan faɗe shi yadda yake. Ina dawowa daga sallar azahar a masallacin unguwa, sai na ga ana ɗaga katanga a bayan layinmu, a kan baƙin dutsen nan da ya cika Harra. Na tsaya kallo kawai. Maginin wani mutumin Maraɗi ne, Yusufu, dattijo-dattijo, da na yi masa sallama da Hausa ya yi ta murna. Amma katangar ta karkace. Tun daga layi na uku ta fara jingina waje, kuma ba ya jan igiya, da ido yake aiki. Na gaya masa. Ya ce ai shafe zai rufe. Na ce shafe ba ya miƙar da katanga. Ya ce to in nuna masa. Wallahi niyyata da baki zan nuna. Ban san sanda na cusa safar a aljihu ba, na ja igiya, na karɓi cokali, na sauke layi biyu na sake ɗora su. Da na ɗaga kai rana ta yi sanyi, katanga ta miƙe sak, Yusufu yana ce mini malam. Daɗin da na ji a ranar ban ji irinsa ba tun da na sauka ƙasar. Na wanke hannu a famfon masallaci sau uku, na mai da safa, na shiga gida da sallama kamar ba abin da ya faru.

Mahaifiyarku ba ta ko dubi hannun ba. Takalmina ta duba.

"Siminti ne wannan a kan silifa ko garin tuwo?"

Nasiru ya fi kowa tashin hankali, domin a ƙasar ba a yarda baƙo ya yi aiki ba tare da izini ba, ko da kyauta ne, kuma da wani jami'i ya gan ni a kan katangar da Nasirun za a tuhuma. Ya yi maganarsa cikin ladabi, kansa a ƙasa, amma na ji ta. Safiya ta cire safar ta duba ta ce layin nan ɗaya da aka yi wa kaza ya tafi. Ita kuwa mahaifiyarku ta jira har kowa ya watse. Bayan sallar magariba muna zaune mu biyu, ta rage ƙarar rediyo.

"Alhaji, in zaman ne ba ka so, ka faɗa. Nasiru ya nema maka jirgi, ba wanda zai ga laifinka."

"Wane ne ya ce ba na so?"

"Hannunka ya faɗa." Ta gyara ƙafarta a kan matashi. "Shekara arba'in da shida da aurenmu. Da rani kana wurin gini, da damina kana fita gona kafin in gama dama koko, ka dawo ka ci tuwo kana gyangyaɗi. Ko zuwanmu nan na baya, in ba ka masallaci kana neman abin gyara. Ban taɓa yi maka ƙorafi ba, da aikin nan muka ci muka sha, da shi yaran nan suka yi karatu. Amma kwana ashirin ɗin nan su ne karo na farko da na ci abinci sau uku a rana kana zaune a gabana. Ashe kana da labarai. Ashe kana da ban dariya. Ni ban sani ba."

Ta ci gaba da cewa ita yanzu ba ta da ƙafar bina Bakori duk shekara, kuma idan katin nan bai samu ba, zan koma mai zuwa ziyara, wata uku in tafi, sai kuma yadda biza ta yiwu. Ta ce ba ta roƙo na in bar gona, ta san ba zan iya ba. Abin da take so kawai in zama mai dawowa da ƙafarsa duk sanda ya so.

Na miƙa mata hannuwana ta shafa man da kanta. Washegari muka fara ƙirga arba'in daga ɗaya.

Kwana goma sha biyu da sabon ƙirge Lawal ya kira da safe. Tun kafin ya yi magana na ji ƙarar ruwa a kan kwanon ɗakinsa.

"Baba, ruwa ya sauka tun asuba, ƙasa ta jiƙu sosai. Yaushe za ka taso?"

Ku da kuka taso a gidan kun san yadda nake da gonar nan. Lawal ya haura arba'in a lokacin, yana da 'ya'ya shida, amma bai taɓa yanke shawarar abin da za a shuka a ko da kunya ɗaya ba. Ni ke cewa nan masara, nan dawa, nan auduga, ni ke cewa yau za a sa taki, shi nasa ya ce to. Ban ɗauki haka a matsayin zalunci ba, haka na ga ubana yana yi. Na riƙe wayar ina jin ruwan nan, har ƙamshin ƙasar nake ji a hancina, alhali a waje zafin Madina ya fara gasa titi. Mahaifiyarku tana kallona.

"Ba zan samu zuwa ba bana," na ce. "Ka shuka."

"Me zan shuka, Baba?"

"Abin da ka ga ya dace."

Sai ya rage murya.

"Baba, lafiya kake kuwa?"

"Lafiya lau. Yatsu nake jinya."

Daga wannan amsar ce labari ya bazu a Bakori. Wasu suka ce kuturta ta kama ni ana ɓoyewa, wasu suka ce ƙarya ce, daɗi ne ya riƙe ni. Ƙanina ya aiko mini da saƙon murya mai tsawo yana cewa gonar gado ba a barinta a hannun yara. A cikin watannin ne kuma matar Lawal ta haihu aka sa wa yaron sunana, ba ni a wurin raɗin suna, sai a waya na ji ana kiran Sulaimanu. Wannan ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Sau da yawa nakan ɗauki waya in kira Lawal in tambaye shi ko ya yi noman farko, sai in tuna na ce ya yi yadda ya ga ya dace, in ajiye.

Sauran kwanakin na cika su cif. Na koyi zama. Mahaifiyarku ta ba ni labarin abubuwan da suka faru a gidana ina wurin gini, waɗanda ban taɓa ji ba: yadda Lawal ya taɓa faɗawa rijiya yana ɗan shekara biyar maƙwabta suka ciro shi aka ɓoye mini, yadda Nasiru ya yi wata guda yana gudun makarantar allo. Ni kuma na ba ta labarin gidajen da na gina da masu gidajen, har da Alhajin da ya sa na rushe matakala sau uku don matarsa ta yi mafarki. Ta yi dariya har gwiwar ta motsa ta yi mata ciwo.

Ranar da muka koma ofishin, Allah ya sa matashin nan ne dai a kan teburin, kuma ya gane ni. Na cire safa a gabansa a hankali. Hannuwan sun yi laushi har ni kaina ina jin kunyarsu. Na ɗora yatsu huɗu na dama, hasken ya ɗan yi jinkiri, sai na'urar ta yi ƙara. Uku sun fito. Na hagu uku. Babban yatsan dama ya ƙi, duk yadda muka juya shi, na hagu ya yarda. Bakwai cikin goma. Ya tafi da takardar wurin shugabansa, muka tsaya ni da Nasiru muna jira. Da ya dawo yana murmushi ya ce,

"Mabruk, ya ammi."

Wato barka, baffa. Na kama hannunsa da hannu biyu na yi ta yi masa addu'a da Hausa, shi kuma yana amsawa da amin duk da bai ji ko kalma ɗaya ba.

Bayan kwanaki katin ya fito. Ɗan ƙaramin abu, bai kai tafin hannu ba, da hotona na zaro ido kamar an tsorata ni. Safiya ta karɓa tana karanta mana a falo, suna, ƙasa, addini, har ta zo wani layi a ƙasa ta tsaya, ta rufe baki da hannu.

"Karanta mana," in ji mahaifiyarku.

"An rubuta, ba a yarda ya yi aiki ba."

Mahaifiyarku ta yi dariya har da hawaye. Ta ce shekara arba'in da shida tana neman wanda zai rubuta wannan maganar ya sa hatimi, sai ga gwamnatin wata ƙasa ta yi mata. Ta sa aka ɗauki hoton layin aka tura wa dukan 'ya'yanta mata.

Da aka fara shirin girbi na karɓi izinin fita na taho gida ni kaɗai. Kwana ɗaya na huta, washegari da sassafe na ce Lawal ya kai ni gona. Tun daga bakin hanya na ga ba gonar da na bari ba ce. Inda nake sa auduga shekara da shekaru ya sa waken suya. Masarar wani iri ce da ban sani ba, gajera, amma kowace da goyo biyu. Kwarin nan na gabas da ruwa yake kwanciya, wanda na haƙura da shi tun zamanin ubana, ya yi masa shinkafa, ta sunkuyar da kai. Na ratsa gonar daga wannan iyaka zuwa waccan, hannuwana a baya, yana bina a baya. Gaskiya laifi nake nema. Na duba tazarar shuka, na duba ciyawa, na ɓare masara ɗaya na danna ƙwayar da farce. A can ƙarshen gona, kusa da tsamiya, na samu: kunyoyi biyar sun karkace, an ja su ba a bi gangaren ruwa ba. Na tsaya a kansu. Shi ma ya gani, ya san na gani. Na buɗe baki, sai na rufe.

"Baɗi ma kai za ka yi," na ce. "Da shekarar da ke bayanta. Ni zan riƙa zuwa in taya ka."

Ya durƙusa a cikin kunyar ya cire hula.

"To, Baba. Allah ya ƙara girma."

Ina tsaye a kansa ina kallon tsakiyar kansa, sai na ga furfura ta cika shi, fari fat har ƙeya. Ban san yaushe ta fito ba. Na ce ya tashi, rana tana yi, ya nuna mini inda yake so in fara karya masara.